Kurfi Shida Daga Bagdadiyya

Shekara goma sha tara Nomau ya yi a Jidda, kuma a cikinsu duka bai taɓa jin tsoron katako ba sai ranar da kafilinsa Abdulghani, wanda ya tsaya masa a takardun zama, ya sa aka sauke wata tsohuwar ƙyaure a tsakiyar warsha, wato rumfar kafintocin da yake aiki a kan hanyar Abhur. Falle ɗaya ce, mai faɗi da kauri, an ciro ta daga wani tsohon gida da aka rushe a cikin Balad, tsohon garin Jidda. Itacen kuwa, Larabawa suna kiransa saj. Ya sha iskar teku fiye da shekara ɗari har ya yi duhu, in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa sai ka ji yatsan ne ya ji jiki.

Abdulghani ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Matsalarsa ɗaya, a shekarar nan ta 1998 ya kamu da son inji. Tun da ya shigo da injinan yanka da na goga, ya riƙa kallon ma'aikatansa kamar mutanen da suka zo cin abinci ba a gayyace su ba. Huɗu ya riga ya sallama. Nomau ya rage ne saboda shi masassaƙi ne tun daga Tibiri, ɗan masassaƙa, hannunsa yana fitar da zanen da inji bai koya ba tukuna.

Abdulghani ya dafa ƙyauren ya ce, "Isma' ya Nomau. Mai sabon gidan nan na Abhur, wannan ƙofar kakansa ce. Yana son fure a tsakiya, ganye a gefe, da hannu, ba inji ba. Kwana goma sha biyu. Iƙamarka, takardar zamanka, tana ƙarewa ƙarshen wata, ko? In aikin ya fita, na sabunta maka, kai da iyalinka. In bai fita ba, ma'alesh, ka ga inji ba ya neman iƙama."

Ya faɗa yana murmushi, amma Nomau bai ga abin dariya ba. Ba don kansa ba. Shi in aka ce gobe ya koma Tibiri, ya san hanyar gidan ubansa ko da ido rufe. Ɗiyarsa Hadiza ce damuwarsa. A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife ta, shekararta goma sha biyar, tana makarantar 'yan mata, kuma malamanta suna cewa kanta yana ja. Takardar zaman nan ita ce ke buɗe mata ƙofar aji. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana da ita sai ta mayar maka da Larabci, kuma Nijar a wurinta suna ne kawai da ke rubuce a fasfo.

A ranar ya kwance buhunsa na kayan aikin da ya zo da su daga gida, ya zaro kurfi, ƙarfen nan mai baki da ake bugawa da guduma ana fitar da zane a jikin itace. Ya gwada a bayan ƙyauren, inda ba wanda zai gani. Bugu uku bakin ya lanƙwashe. Ya wasa, ya sake, ya sake lanƙwashewa. Ƙarfen da ya sassaƙa turmi da akushi da alluna ba iyaka ga mutanen Nuzla, yau ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa. Abdulghani ya ce masa ya je ya nemo kayan aiki na kirki duk inda suke, shi zai biya, amma kwanakin suna nan goma sha biyu.

To, a Nuzla ka tambayi inda ake sayen abu, sai ka gane kowa masani ne. Wanda bai taɓa riƙe guduma ba shi ya fi kowa ƙarfin murya. Wani ya ce Bab Makka, wani ya rantse sai Haraj, kasuwar gwanjo, wani direba ya ce shi yana da aboki da ke da aboki a tashar jiragen ruwa. Nomau ya bi su duka, don wanda yake cikin tsoro ba ya tace shawara. A Haraj ya tarar da kurfi jibge a kan tabarmi, masu ƙyalli, a cikin leda mai hoto. Ya ɗauki ɗaya ya buga da wani ƙarfe ya kara a kunne, ya ji ƙarar a mace, ya ajiye. Ya ga wasu tsofaffi na gaske, amma tsatsa ta riga ta ci bakinsu. Kwana biyu suka tafi a haka, yana sauka daga wannan mota yana hawa waccan, rigarsa jiƙe da gumi, da yamma ya dawo hannu wofi. Matarsa Aissa sai ta miƙa masa ruwa ta koma ta zauna.

A rana ta uku wani tsohon Bayamane mai sayar da shayi a bakin warsha ya ji yana ƙorafi, ya ce masa ya daina wahalar da ƙafarsa. Ya je unguwar Bagdadiyya, bayan dogayen ofisoshin nan, akwai wani ɗan shago na wani tsoho Othman, wanda tun zamanin masu ƙera jiragen ruwa na katako yake sayar musu da kaya.

Shagon kuwa in ba a kwatanta maka ba za ka wuce shi. Babu allon suna, babu fitila mai launi, sai warin mai da tsohon katako. Othman ya saurari Nomau har ƙarshe bai katse shi ba, ya nemi ya ga tafin hannunsa, ya duba kantar da ke jiki, sannan ya hau kan kujera ya sauko da wani ɗan akwatin katako daga can sama. A ciki akwai kurfi shida, daga mai siririn baki har mai faɗin yatsa biyu, kowanne nannaɗe da takarda mai maiƙo. Ya zaro ɗaya ya shafa a bayan hannunsa, gashi ya zubo.

"Ƙirar Ingila ne, na da," in ji Othman. "Saura su kenan a wurina. Na hana mutane da yawa, don na ga ba hannunsu ba ne. Kai ɗauki, ya mu'allim."

Nomau ya buga ɗaya ya saurara, ƙarar ta daɗe tana tafiya kafin ta mutu. Ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, karo na farko tun da aka sauke ƙyauren nan. Ya rungume akwatin a cikin mota har Nuzla, bai yarda ya ajiye shi ko a kan cinyarsa ba.

Da a ce daga nan warsha ya wuce, da labarin ya ƙare lafiya. Amma Nomau ɗan Tibiri ne, kuma a Tibiri masassaƙi ba ya ɗora sabon ƙarfe a kan itace sai ya bi ta hannun maƙerin gidansu. Maƙeri zai sa shi a wuta, ya koɗa bakin, ya ɗan karkata shi daidai da yadda mai shi yake riƙo, ya tsoma a ruwa, ya yi masa addu'a. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. A wurin Nomau wannan ba al'ada ba ce da za a zauna a yi muhawara a kanta, wani ɓangare ne na sayen ƙarfen, kamar yadda ba za ka sayo yadi ka yafa ba tare da ka kai wa tela ba. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa akwai ƙarfen da aka gama masa wutarsa tun a inda aka ƙera shi.

Kuma maƙerin gidansu yana nan a Nuzla, lungu uku tsakaninsu. Baba Jaji, wanda ubansa ya yi wa uban Nomau ƙira. Ya zo aikin Hajji tun Nomau yana saurayi, bai koma ba, kuma bai taɓa mallakar takarda ko ta sisi ba. Yana walda a bayan shagon wani, in an ce masu kame sun shigo unguwa ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ya tsufa, idonsa ya fara hazo, amma ranar Juma'a yakan hura gawayi a bayan gida da zugazugin da ya haɗa da tsohuwar robar taya, ya koɗa wa mata wuƙaƙe, don ya tuna wa kansa ko shi wane ne.

Aissa ce kaɗai ta yi magana. Ta ga yana naɗe akwatin bayan an sauko daga masallaci, ta ce, "Malam, ba ka ce sababbi ne ba? Ka ce har aski suna yi. Mi za a gyara musu?"

"Kaifi daban, zama a hannu daban," in ji Nomau. "Bature ya ƙera su, amma bai san ni ba. Baba Jaji ya san hannuna tun ina ƙarami."

Ta koma kan aikinta. Ita ba gidan sana'a ta fito ba, kuma an daɗe ana tuna mata haka.

Baba Jaji ya karɓi akwatin da hannu biyu, fuskarsa ta cika da farin ciki har Nomau ya ji kunyar daɗewar da ya yi bai kawo masa aiki ba. Tsohon ya jujjuya su ya ce, "Kai, ɗan Sarkin Sassaƙa, wanga ƙarhe na manya ne. Amma bakin ya miƙe da yawa, ba irin riƙonku ba ne. Zamna, yanzu za ya ji magana." Ya tura na farko cikin gawayi, ya zuga har ya yi ja, ya ɗora a maƙera ya hau bugu. Ƙarfen ya yi masa gardama. Ya tsaya ya share gumi, ya ce bai taɓa ganin mai taurin kai irin wannan ba, ya mayar wuta ya ƙara zugawa har jan ya koma fari-fari. Da ya tsoma shi a bokitin ruwa, bayan ƙugin tururi, sai aka ji wata 'yar ƙara, tas, siririya.

Nomau ya ji ta. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, mi ne ne wannan?"

"Ruwa ne ya shiga jikinshi," in ji Baba Jaji. "Haka mai kyau yake yi."

Shida suka shiga wuta, shida suka fito baƙi ƙirin, bakinsu a ɗan karkace yadda Nomau yake so. Ya riƙe babban a hannu, ya ji ya zauna daram kamar da shi aka haife shi. Tsohon ya tofa musu addu'a, ya ƙi karɓar ko goro.

Kwana huɗu na farko aikin ya tafi, har Nomau ya fara waƙa a ƙasan maƙoshi. Ganyen gefe ba su da zurfi, turawa kawai yake yi da hannu, ba bugu. Lokaci-lokaci yakan ga bakin ƙaramin kurfi ya ɗan ɓantare, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, sai ya ɗora laifin a kan taurin saj, ya wasa a dutse ya ci gaba. Abdulghani yakan zo ya tsaya a kansa, ya shafa ganyen da yatsa, ya ce masha Allah, ya wuce. Ran nan har ya tambayi Hadiza aji nawa take.

A rana ta biyar da hantsi ya zo kan furen tsakiya. Nan ne zurfin yake, nan ne ake bukatar babban kurfi da guduma mai nauyi. Ya yi bisimilla, ya kafa bakin a kan layin, ya buga sau ɗaya, ya shiga. Ya buga na biyu, ya ƙara shiga. A na uku ya saki ƙarfinsa duka. Ƙarfen ya karye gida biyu kamar kwalba. Guntun bakin ya tsaya a cikin itacen, ragowar da ke hannunsa ta bi shi da nauyin gudumar ta danna shi ciki, sai ƙyauren ta yi wata ƙara mai tsawo. Tsaga ta tashi daga tsakiyar furen ta bi jijiyar itacen, sama da ƙasa, har ta kusa kaiwa baki.

Injinan warsha suna ta ruri, ba wanda ya ji. Nomau ya tsaya da guduma a hannu yana kallon tsagar. Ya sa farce a ciki, farcen ya shige. Shi masassaƙi ne, ba ya bukatar a gaya masa: ana iya cusa gam, ana iya ɗaurewa, amma duk mai ido zai gani, balle mutumin da ya san ƙofar kakansa. Ya ja buhu ya rufe ta. Abdulghani ya tafi Makka ranar, sai gobe.

Bai san lokacin da ya isa Bagdadiyya ba. Ya shiga shagon Othman da zuciya a wuya, ya jefa guntun da ya rage a hannunsa a kan tebur ya ce, "Dubi abin da ka sayar mini! Ka ce na da ne, ka ce na kirki ne!"

Othman ya ɗauki guntun ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana kallon baƙin da ke jiki. Da ya juyo, babu fushi a fuskarsa, abin da ke wurin ya fi fushi ciwo.

"Wa ya sa wannan a wuta?"

"An koɗa shi ne kawai. Haka muke yi."

"La haula wa la ƙuwwata," in ji tsohon a hankali. "Ya ɗan'uwana, wannan an riga an ba shi wutarsa da awo, an sanyaya shi da awo, tun kafin a haifi 'ya'yanka. Dutse da ɗan mai kawai yake so. Ka mayar da shi wuta, ka jefa a ruwa, ya zama gilashi. Duka shidan?"

Nomau ya gyaɗa kai.

Othman ya zauna a kan kujerarsa. Ya ce shekara ashirin yana ɓoyonsu yana jiran mai hannu. Nomau ya ɗauki guntun ya fito, kunya da baƙin ciki suna cinsa, kuma babu wanda zai ɗora wa sai kansa.

Washegari da safe Abdulghani ya ɗaga buhun. Ya dafe kai, ya zagaya ƙyauren sau biyu, ya ambaci sunan Allah. Sannan ya ga guntun ƙarfen da ke maƙale a tsagar, sai idonsa ya yi haske irin na wanda ya hango mafita.

"Ƙarfen ne ya karye? Tayyib. To ba laifinka ba ne, jabu aka sayar maka. Faɗa mini shagon. Yau ɗin nan zan kai ƙara, in kai mai gidan har can ya gani da idonsa. Shi yana son wanda zai kama ne kawai. Kai kuma ka ci gaba da aikinka, iƙama ba matsala. Yalla, wane shago?"

Ga hanya a buɗe, kalma ɗaya ce. A zuciyarsa Nomau ya ga Hadiza da jakarta a bakin ƙofar makaranta, ya kuma ga tsohon nan zaune a kan kujera jiya.

"Kayan na kirki ne," ya ce. "Mai shagon ba shi da laifi. Wuta aka sa su."

Abdulghani ya karɓi ragowar kurfin ya duba, ya ga sawun guduma a jiki. "Wannan aikin maƙeri ne. Wane maƙeri? A ina yake? Shagon wa? Kawo shi, shi ya lalata kayan, shi zai amsa."

Wannan karon Nomau bai daɗe ba. Kawo Baba Jaji gaban kowa daidai yake da ɗora shi a motar kame, tsoho mai hazon ido wanda duk wanda ya sani a Tibiri ya riga ya mutu.

"Babu maƙeri. Ni na yi, a gida."

"Kai? Da wace wuta?"

"Murhun girki."

Abdulghani ya dube shi tsawon lokaci. Ya san ƙarya ce, Nomau ma ya san ya sani. Ya sassauta murya ya ce, "Ya Nomau, shekara nawa muna tare. Ina neman hanyar da zan riƙe ka, kana toshewa. Ka ba ni suna ɗaya. Kana da yarinya a makaranta."

"Na sani."

"To?"

"Sunana ne kawai nake da shi da zan ba ka."

Abdulghani ya ajiye ƙarfen a kan ƙyauren. Ya ce halas, wato shi kenan. Ya ce zai shirya musu takardun fita kafin ƙarshen wata, su uku, kuma ba zai bari mai gidan ya kai shi gaba ba, iyakar abin da zai iya kenan. Ya juya ya shige ofis, ya rufe ƙofa a hankali.

Da la'asar Nomau ya shigo lungunsu da buhunsa a kafaɗa. Baba Jaji yana zaune a bakin ƙofa yana jan carbi, ya gane tafiyarsa tun daga nesa, ya ɗaga murya da fara'a.

"Ɗan Sarkin Sassaƙa! Ƙaƙa ƙarhen namu? Ya zamna ma hannu?"

"Ya zamna, Baba."

"Ai na gaya maka. Ka gaida mutan gida."

Ya wuce. A tsakar gida ya tarar da Aissa tana tsince shinkafa. Ta dubi buhun, ta dubi fuskarsa, ta ajiye faifan a ƙasa. Daga cikin ɗaki yana jiyo Hadiza tana goge rigar makaranta, tana maimaita wani darasi da ƙarfi, don akwai jarrabawa ranar Asabar. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ce ta ajiye gugar ta zo.

"Lesh, Baba?" ta tambayi dalili da Larabci, ba ta ko ɗago ba. "Saura hannu ɗaya bas."

Ya buɗe baki zai amsa mata da Larabci yadda ya saba in yana son ta gane da sauri, sai ya fasa. Ya zauna a bakin gado, ya fara gaya mata da Hausa cewa za su koma Tibiri, kalma bayan kalma, a hankali. Aissa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta gane tun kafin ya kai rabi. Ta tsaya da dutsen guga a kan hannun rigar tana kallonsa, har warin ƙuna ya cika ɗakin, kuma a cikin su ukun babu wanda ya ce ta ɗaga.